Gardamar Auta da Mai Dubawa na Biyu

Ƙanina, Allah ya jiƙansa, mai gardama ne, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Idan ka ce masa rana ta yi zafi, zai ce maka ba rana ba ce, iska ce ta tsaya. Idan ka ce to, iska ce ta tsaya, sai ya kalle ka da takaici kamar ka ƙwace masa loma a baki. Shi ne autanmu, ni ce babba. Na goya shi, na yi masa wanka, kuma tun bai iya ɗaura wando ba nake fama da bakinsa. Mahaifiyarmu takan ce da ya iya magana ranar da aka haife shi, da ya yi wa ungozoma musu a kan lokacin.

Da ya girma ya karanta shari'a, kowa ya ce an dace, ya sami sana'ar da musu ne jarinta. Amma bai daɗe a aikin lauya ba. Alƙalai ba sa son lauyan da ke gyara musu magana, masu ƙara kuma ba sa son wanda zai ajiye shari'arsu ya kama nuna musu cewa su ne ba su da gaskiya. Sai ya koma koyarwa a sashen shari'a na wata jami'a, ya zauna a can har kansa ya yi fari. Ɗalibai suka sa masa suna Malam Ban-Yarda-Ba. Ya san da sunan. Ya ce sunan ma ba daidai ba ne, domin akwai abubuwan da ya yarda da su, sai dai ba a taɓa kawo masa su ba.

Ni na shigo gidansa bayan rasuwar maigidana. 'Ya'yana duk suna nesa, kowa da nasa nauyin. Ban roƙe shi ba. Wata safiya ya zo da mota ya ce a loda kayana. Na ce masa ina iya zama ni kaɗai. Ya ce, "Ba tausayinki nake ji ba, Yaya. Ɗakin baya ne ke tara ƙura." Haka yake yin alheri, da ɗaurarriyar fuska, don kada a gode masa.

Gidan na jami'a ne, a layin gidajen ma'aikata. Ɗaki uku da falo, da kicin mai yoyo a kusurwa ɗaya, inda matarsa ke ajiye bokiti duk damina. A baya akwai bishiyar lemo da ta dasa shekarar da suka shigo. A gindinta nake shimfiɗa tabarma da hantsi, in miƙe ƙafa saboda gwiwoyina. Teburin cin abinci kuwa, ban taɓa ganin an ci abinci a kansa ba. Littattafan hukunce-hukuncen kotu ne jibge, masu baƙin bango, da takardun jarrabawar ɗalibai, da tsohuwar kwamfutarsa mai kuka kamar injin niƙa. A cinya muke cin abinci, a kan kujerun falo.

Ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Takardar ɗalibi ba ta fita daga hannunsa sai ta yi ja da biro daga sama har ƙasa, kuma waɗanda suka fi tsine masa a aji su ne suka fi zuwa gaishe shi bayan sun gama. Amma a jami'a ba koyarwa ke ɗaga mutum ba, rubutu ne. Shi kuwa rubuce-rubucensa kaɗan ne suka ga haske, saboda duk editan da ya taɓa masa kalma sai sun rabu dutse a hannun riga. Ɗaliban da ya koyar suka zo suka wuce shi. Ɗaya daga cikinsu ma ta zama shugabar sashensu. Ita ce ta zo gida wata rana da yamma, ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna a bakin kujera kamar har yanzu a ajinsa take.

"Malam," ta ce, "ba sai na yi maka dogon bayani ba. Lokacin ritayarka ya matso. In kwamitin ƙarin girma ya ɗaga ka, kana da sauran shekaru a aiki, gidan nan ma yana hannunka. In bai ɗaga ka ba, sai ka miƙa mabuɗi. Na duba fayil ɗinka. Maƙala ɗaya ta rage, a mujallar da suka amince da ita. Ɗaya tak."

"Ƙa'idar ma ba ta da ma'ana," ya ce.

"Na sani, Malam. Amma ita ce ƙa'idar."

"Ba ki sani ba. Bari in nuna miki inda ta karye."

Ta saurare shi har shayinta ya huce. Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "Mama, ki taya ni da shi." Na ce mata da ana iya masa, da uwarmu ta iya.

Ni sakandare na gama, na yi aikina a gidan waya har na bari, ban san mujallar shari'a ba sai a gidan nan. Ba irin wadda ake sayarwa a bakin titi ba ce. Babu hoto, babu launi. Sau biyu take fitowa a shekara, kuma rabin kowane shafi bayanai ne a gindi masu nuna inda aka samo kowace magana, da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. In za ka aika musu rubutu, sai ka cire sunanka da duk abin da zai nuna kai ne. Edita ta miƙa wa masana biyu su duba. Ba su san ka ba, ba ka san su ba, kuma ba za a taɓa gaya maka ba. Sai su biyun sun sa hannu ake bugawa.

Abin da zai rubuta a kai kuwa ya daɗe yana cin sa. Yakan kai ɗalibai gidan yari su ga masu jiran shari'a. Mutum ya yi shekaru a tsare kafin a yanke masa hukunci, ranar da aka yanke kuma a fara ƙirga masa daga farko, kamar zaman da ya yi a baya hutu ya je. Akwai wani hukunci na kotun ɗaukaka ƙara da ya ce ba dole ba ne alƙali ya cire wa mutum wancan zaman. Ƙanina ya ce kotun ta yi kuskure, kuma ya san daidai inda ta yi shi. A wannan karon dai gardamarsa tana da amfani ga wani.

Da yatsa biyu yake buga kwamfuta, yana magana shi kaɗai, yana amsa wa mutanen da ba sa wurin. Ni yake karanta wa da safe, ba don in gane ba, don ya ji yadda magana take sauka a kunne. In na gyaɗa kai ya ce ban fahimta ba, in na yi shiru ya ce barci nake. Cire sunansa ne ya fi yi masa ciwo.

"Kamar in haifi ɗa in ajiye shi a ƙofar wani," ya ce.

"To ai gara haka, Malam," matarsa ta ce. "In ba su san halin uban ba, sai ya fi samun shiga."

Ranar aikawa ya sa tabarau, ya duba adireshin, ya sake dubawa, ya danna. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan. Ni da na yi shekaru ina buga tambari a kan wasiƙu, na saba aƙalla a ji ƙara.

Sai jira. Kowace safiya, kafin ya kurɓi shayi, sai ya kunna kwamfutar, ta yi kukanta, ya duba, ya kashe. Damina ta shigo, bokiti ya koma kusurwarsa, damina ta fita. Ya rubuta wa edita yana tambaya, ta amsa da layi ɗaya cewa maƙalar tana hannun masu dubawa. Su masu dubawar nan sa kai suke yi, suna da nasu ajin da nasu jarrabawar. Rubutunka yana can ƙasan tarin takardun wani, a kan wani tebur irin namu, kai kuma kana nan kana tsufa.

Da amsa ta zo, mai dubawa na farko layi kaɗan ya rubuta: aiki ne mai kyau, a buga. Ƙanina ya ture shi gefe.

"Wannan bai karanta ba. Ko matata ba ta yarda da ni da sauri haka."

"Ko da jinkiri ma," ta ce daga kicin.

Na biyu kuwa shafi-shafi ya cika. Ya bi maƙalar layi-layi, ya yaba inda ya ga dama, ya soka inda ya ga dama. A ƙarshe ya nemi abu uku. A gyara bayanan gindin shafi su bi tsarin mujallar. A yi magana a kan wani tsohon hukunci da marubucin ya tsallake, wanda a ganinsa yana iya raunana hujjar. Sannan a cire wata jimla inda aka ce alƙalan sun rufe ido da gangan. Edita ta ƙara da nata, cewa in an yi waɗannan, maƙalar za ta shiga fitowa mai zuwa.

Shugabar sashe da ta ji ta bugo waya, har ina jin muryarta daga inda nake zaune. "Malam, ai wannan karɓa ce! Aikin mako guda ne. Ka yi musu abin da suke so kawai."

Na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, a hankali, yana murmushi shi kaɗai. Na san murmushin nan tun yana rarrafe.

Bayanan gindin shafi ya gyara, yana tsaki. Sauran biyun kuwa ya zauna ya rubuta musu amsa, amsar da ta fi maƙalar tsawo. Edita ta miƙa wa mai dubawa na biyu. Na ɗauka mutumin zai yi fushi ya ce a yi watsi da ita, mu san inda muka tsaya. Ina! Bayan watanni sai ga amsar amsa, ita ma doguwa, cikin ladabi, ba ta bar masa ko kalma ɗaya ta wuce ba. Ashe ƙanina ya gamu da irinsa.

Tun daga nan Na Biyu ya shigo gidanmu ya zauna. Ba mu san ko namiji ne ko mace ba, tsoho ko matashi, amma da shi muke karin kumallo. "Kun ji abin da Na Biyu ya ce?" "Na Biyu yana da wayo, amma yau na kama shi." Matarsa ta fara tambaya ko ta ƙara kofi ɗaya a tire. Ƙanina ya yi ta zargin mutane, ko waninsu ne Na Biyu. Akwai wani malami a layinmu da ƙanina ya daina gaishe shi na ɗan lokaci, wai shi ma yana yawan cewa "da kamar wuya", kuma haka Na Biyu ke fara suka. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya aiko matarsa ta tambaye mu ko ya yi wani laifi.

Gaskiya ban taɓa ganinsa da kuzari kamar lokacin ba. Ya daina kukan ciwon baya. Yana tashi da wuri, yana janyo littattafan da suka shekara ba a buɗe ba, yana atishawa. Duk rayuwarsa mutane gajiya suke da shi su ce to, Malam, haka ne, don su samu su tafi. Wannan kuwa ba ya gajiya, kuma ba ya cewa haka ne. Amma fitowar da aka yi mana alkawari ta wuce ba mu ciki, kuma ranar zaman kwamiti tana ta matsowa.

Wata safiya na ja kujera na zauna a gabansa, na ɗora hannu a kan takardun.

"Auta."

"Yaya, ina aiki."

"Ba aiki kake ba, wasa kake. Me ya rage?"

"Ba maganar yawa ba ce."

"Na ce me ya rage?"

"Tsohon hukuncin na riga na sa shi. Na ba shi sakin layi guda." Ya kau da kai. "Bai yi ƙarya duka ba a nan."

A rayuwata ban taɓa jin ya faɗi haka a kan ɗan Adam ba.

"To saura jimla ɗaya ke nan. Ka cire ta."

"In na cire, kamar na ce ba da gangan alƙalan suka yi ba. Da gangan suka yi. Hujjar tana gabansu, lauyan ya karanta musu ita."

"Kana cikin zuciyarsu?"

"Abin da Na Biyu ya ce ke nan!" Ya zuba mini ido ta saman tabarau. "Ko ke ce?"

"Da ni ce, da tuni na sa hannu mun huta. Auta, dube ni. Sau biyu na ɗaure kaya a rayuwata, ranar da na bar gidanmu da ranar da ka ɗauko ni. Gwiwata ba za ta yi na uku ba. Matarka ta dasa bishiya a nan. Su kuma mutanen da ke tsare, me jimlarka za ta ƙara musu tana kwance cikin wannan injin?"

Ya mayar da idonsa kan kwamfutar. Na ɗauka ta shige shi. Can sai ya ce, "Sau uku ne, Yaya. Kin manta lokacin da aka canza wa maigidanki wurin aiki."

Na tashi na bar masa teburin.

Edita ma ta gaji. Ta kira shi a waya, shi kuma kunnensa ya fara nauyi, sai ya buɗe muryar kowa ya ji. Daga jin ta ka san mace ce da aiki ya yi wa yawa.

"Malam, don girman Allah. Ni ba alƙali ba ce, mai haɗa mujalla ce. Ku biyun nan kun cika mini akwatin saƙo. Ba zan iya bugawa ba sai ya sa hannu, shi kuma ya ce ba zai sa hannu a kan zargin da ba a kawo masa shaida ba. Ka kuma san an ɗaukaka wannan ƙarar zuwa kotun ƙoli."

"Na sani. Can ai shekaru ake yi."

"Haka ake cewa."

"Ba haka ake cewa ba, haka yake. Bari in ba ki misali."

Na ji ta ja dogon numfashi. Ni ma na ja nawa.

Daga baya ya cire jimlar. Ban san abin da ya sa ba. Wataƙila ya ga matarsa tana tambayar mai shago ko zai riƙa ajiye mata manyan kwalaye. Na gani da idona, ya shafe ta, ya zauna yana kallon wurin kamar wanda aka cire wa haƙori. Shugabar sashe ta ce ko ba a kai ga bugawa ba, takardar edita mai cewa an karɓa ta ishi kwamiti. Abin da ya rage kawai ya danna.

Bai danna ba. Ya ce sai ya haɗa da ɗan bayani, don Na Biyu ya san cirewar ba ta nufin ya yarda. Ɗan bayanin ya zama shafi, shafi ya haifi wani. Kullum da safe in ce, Auta, ka aika? Ya ce gobe. Matarsa ta daina tambaya, ta koma jera kwalaye a bayan ƙofar kicin.

Ranar da abin ya faru ina gindin lemo, sai na hango shi yana tahowa daga ofis da sauri, riga a karkace, takardu a hannu yana kaɗawa.

"Yaya! Maman yara! Ku fito! Kotun ƙoli ta rushe shi!"

"Ta rushe wa?"

"Hukuncin! Ta ce dole a cire wa mutum zaman jira. Dole! Kamar da bakina suka yi magana. Duba nan, duba nan."

Matarsa ta fito da ludayi a hannu tana hamdala. Ni ma na ji daɗi, don na tuna mutanen da ke tsare. Ya yi ta zagaya falo yana karantawa da ƙarfi, yana dukan takardar da bayan hannu, yana cewa bari Na Biyu ya gani.

Da yamma shugabar sashe ta zo. Tun daga sallamarta na san da magana. Ta taya shi murna, sannan ta zauna a bakin kujerarta.

"Malam, ka aika gyaran ƙarshe?"

"Gobe zan aika. Yanzu ma sai na ƙara wani abu, tunda kotu ta..."

"Malam. Maƙalarka roƙo take a gyara kuskure. An gyara. Wace mujalla ce za ta buga roƙon abin da aka riga aka yi?"

Ya ninke takardar hukuncin, ya ajiye ta a kan tebur.

Saƙon edita ya zo ya faɗi haka ɗin. In yana so, ya sake rubuta ta a matsayin sharhi a kan sabon hukuncin, ya aiko ta sabuwa, ta bi layi daga baya, a ba wasu masu dubawa. Ya nemi ta ba shi takarda ko da cewa an kusa karɓa. Ta ce ba za ta rubuta abin da bai faru ba, kuma ta san shi ne mutum na farko da zai ƙi a yi wa wani haka. Bai yi musu ba. Abin da ya ƙara masa ciwo, a cikin hukuncin alƙalan sun ambaci wata gajeriyar maƙala ta wata matashiyar malama, a wata mujalla dabam. Ya nemo ta ya karanta.

"Rabin hujja ce," ya ce. "Bayanan gindinta ma ba su bi tsari ba."

"Amma ta fito, Malam," matarsa ta ce. Wannan ce kaɗai sukar da ta taɓa yi masa a kan lamarin, kuma ta ishe shi.

Kwamiti ya zauna, ya duba fayil, ya ga abin da ke ciki. Ba su zalunce shi ba. Aka ba mu wa'adin barin gidan. Na ɗaure kaya karo na uku, ko na huɗu a lissafinsa. Matarsa ta tsinke lemon bishiyar kaf, har da ɗanyu, ta cika buhu, muka yi ta sha da tsaminsa. Littattafan ya bai wa ɗakin karatu na sashe, ya riƙe kaɗan. Muka koma haya a saman wani shagon gyaran taya, ɗaki biyu, da matakala mai tsayi da nake hawa ina hutawa a tsakiya. Daga safe zuwa yamma ƙarar ƙarfe da hucin iska. Teburin ya biyo mu babu komai a kansa. A nan muka fara cin abinci a kan tebur kamar mutane, kuma babu wanda ya ji daɗin abincin.

Na yi kwanaki ba na amsa masa sai da eh ko a'a. Bai ba ni haƙuri ba, ba ya cikin halinsa. Sai dai kullum in zan sauka sai ya riga ni, ya tsaya a matakalar ƙasa ya miƙo kafaɗa, yana faɗin wai ba daidai nake taka ƙafa ba.

Bayan mun tare, saƙo ɗaya ya ƙara zuwa ta hannun edita, gajere, daga Na Biyu. Ya ce a taya marubucin murna, ya yi gaskiya a babbar maganar tun farko, kuma abin takaici ne da maƙalar ba ta fito ba. Amma har yanzu yana nan a kan bakansa, tsohon hukuncin nan ba a karanta shi daidai ba, ko a sabon sakin layin.

Ƙanina ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun a tsohon gida. Nan take ya janyo kwamfuta ya fara bugawa da yatsunsa biyu. Ya aika. Edita ta amsa cewa an rufe fayil, ba za ta ƙara miƙa komai ba. Ya nemi sunan Na Biyu. Ta ce ya san ƙa'ida. Ya ce ƙa'idar an yi ta ne don maƙala mai rai, wannan kuwa ta mutu. Ta ce alkawarin da ta yi wa mutumin bai mutu ba. Ya ajiye wayar ya ce, "Ta yi gaskiya." Ni da matarsa muka kalli juna.

Bai sake rubuta maƙalar ba. 'Ya'yansa suka yi ta lallashinsa a waya, shugabar sashe ta ce ko don tarihi. Ya ce sharhi a kan abin da kowa ya yarda da shi ba aikinsa ba ne. Ya koma zama a bakin taga, yana kallon mai gyaran taya, wani lokaci ya leƙa ya gaya masa ba haka ake ɗaure noti ba. Mai taya ya ce, to, Baba, haka ne. Sai ya ja tagar ya rufe.

Da ciwon da ya tafi da shi ya kwantar da shi, tsofaffin ɗalibansa suka riƙa hawo matakalar nan, lauyoyi da alƙalai da malamai, suna haki. Wasu sun ɗauka zai yi musu wasiyya a kan iyali, ko ya nemi yafiya. Ni ce mai kawo shayi, don haka na ji abin da yake gaya wa kowannensu, kusan kalma ɗaya. Na ƙarshe da na ji, shugabar sashe ce zaune a bakin gado.

"Ke kina zuwa tarurrukan masana shari'a," ya ce mata, "kina jin yadda suke magana. Ki baza kunne, ki gaya wa sauran su ma su baza. In kun gane Na Biyu, ko shi ne ko ita ce, kada ku ce na yi fushi. Ku ce ya zo. Akwai shayi, akwai tebur yanzu babu komai a kai. Ya taho da tsohon hukuncin nan, ya nuna mini shafin da ya ce ban karanta daidai ba, mu buɗe tare."